NAACP: Ƙungiyar Baƙar Fata Da Ta Yi Shekara Goma A Hannun Farar Fata

Duk wanda ya duba jerin shugabannin farko na NAACP, ƙungiyar da ta fi daɗewa a cikin manyan ƙungiyoyin kare haƙƙin baƙar fata a Amurka, zai ga abin da zai sa ya dakata. A 1910, lokacin da aka raɗa mata suna aka naɗa mata jami'ai, baƙar fata ɗaya ne tak a cikinsu, wato W. E. B. Du Bois. Shugaba farar fata ne, ma'aji farar fata ne, mai jagorantar kwamitin zartarwa haka, sakatariya ma haka. Sai da aka yi shekara goma cur kafin baƙar fata ya zauna a kujerar babban sakatare, mai tafiyar da aikin yau da kullum. Masu sukar ƙungiyar sun daɗe suna kafa hujja da wannan. Masoyanta kuwa sukan ratse ta gefen maganar da sauri, kamar wanda ya hango mai binsa bashi. Ni a ganina nan ne labarin yake: me ya sa abin ya fara haka, su wa aka rasa saboda hakan, kuma ta wace hanya ragamar ta sauya hannu ba tare da gidan ya rushe ba.

Sai an fara sanin halin da ake ciki a wancan zamani. Yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, aka yi wa tsarin mulki gyara uku: na 13 ya haramta bauta, na 14 ya ba 'yantattun bayi matsayin 'yan ƙasa, na 15 a 1870 ya hana a tauye wa mutum ƙuri'a saboda launinsa. A takarda kenan. Da gwamnatin tarayya ta janye sojojinta daga harkar jihohin Kudu a 1877, sai jihohin suka shiga warware abin da aka ƙulla, zare bayan zare. Mississippi ta buɗe hanya a 1890 da harajin jefa ƙuri'a da jarrabawar karatu wadda jami'in rajista ke yanke hukuncin wa ya ci. A Louisiana, baƙar fata sama da 130,000 ne ke da rajistar zaɓe a 1896. Zuwa 1904 saura 1,342. A 1896 ɗin ne kuma Kotun Ƙoli, a shari'ar Plessy da Ferguson, ta halatta raba jinsi a jiragen ƙasa muddin an ce wuraren daidai suke, kuma kowa ya san ba daidai suke ba. Abin da doka ta rage, kisan taron dangi ya ƙarasa: jama'a su fizge mutum daga hannun hukuma ko daga gidansa, su rataye shi ko su ƙona shi a bainar jama'a, wani lokaci har da masu ɗaukar hoto, kuma da wuya a ji an hukunta kowa.

A irin wannan yanayi mutum ɗaya ne farar fata suka yarda ya yi magana da yawun baƙar fata: Booker T. Washington, shugaban makarantar Tuskegee da ke Alabama, wanda aka haifa bawa. A jawabinsa na Atlanta a 1895 ya ba mutanensa shawarar su jingine rigimar siyasa da cuɗanya, su kama sana'a da noma da tara dukiya. Attajiran Arewa suka so shi. Andrew Carnegie kaɗai ya ba Tuskegee dala 600,000 a 1903. Shugaba Theodore Roosevelt yakan nemi shawararsa kafin ya naɗa baƙar fata a muƙami. Bai kamata a yi wa Washington rashin adalci ba, domin yana zaune ne a tsakiyar Alabama inda kalma ɗaya ke iya sa a ƙone makarantarsa, kuma daga baya ta bayyana cewa a ɓoye yana biyan kuɗin wasu ƙararraki da ke ƙalubalantar dokokin hana zaɓe. Sai dai a fili ya gina wani irin iko da ba ya jure kishiya. Yana tallafa wa jaridun baƙar fata da kuɗi, yana da 'yan leƙen asiri a tarurrukan masu adawa da shi, kuma malamin makaranta ko ma'aikacin gwamnati da ya soke shi yana iya wayar gari ba aiki. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma a lokacin akasarin 'yan bokon baƙar fata sun ci, ko suna fatan ci.

Waɗanda suka ƙi askin sun gwada kafa tasu ƙungiyar. A Yulin 1905 maza 29 suka haɗu a Fort Erie, ta ɓangaren Kanada kusa da magangarar ruwan Niagara, bisa kiran Du Bois da William Monroe Trotter, mai jaridar Guardian ta Boston. Du Bois shi ne baƙar fata na farko da ya samu digirin digirgir a Harvard, a 1895, ya kuma yi karatu a Berlin. Trotter ma ɗan Harvard ne, kuma ya taɓa yin wata guda a kurkuku saboda hargitsa wani taron Washington a Boston a 1903. Tafiyar Niagara, kamar yadda suka kira ta, ta nemi komai ba ragi: ƙuri'a, ilimi mai zurfi, daidaito a gaban kotu, ƙarshen wariya. A 1906 suka yi taro a Harpers Ferry, inda John Brown ya yi yunƙurin tayar da bayi a 1859. Magana sun yi ta mai kyau, amma aljihu babu komai. Ba su da ofis ko ma'aikaci mai albashi, mambobinsu ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, jaridun da Washington ke riƙe da su suka yi kamar ba su san da su ba, sannan Du Bois da Trotter, kowa da zafin kansa, suka ɓata. Kafin 1909 tafiyar ta kusa zama suna kawai. Wannan faɗuwa ita ce amsar farko ga mai tambayar dalilin da ya sa NAACP ta fara a hannun farar fata. An riga an gwada ƙungiyar baƙar fata zalla, an ga yadda ake shaƙe ta.

Abin da ya tayar da farar fatan kuwa a Arewa ya faru. A tsakiyar Agustan 1908, a Springfield ta jihar Illinois, garin Abraham Lincoln, shugaban ƙasar da ya ayyana 'yantar da bayi, inda kabarinsa yake, taron farar fata suka nufi gidan yari suna neman a miƙa musu baƙar fata biyu da ake tsare da su, ɗaya bisa zargin kisa, ɗaya bisa zargin fyaɗe wanda matar da ta yi shi ta janye daga baya. Da suka gane an fitar da mutanen daga gari a mota, sai suka auka wa unguwannin baƙar fata. Suka ƙone gidaje da shaguna, suka kashe wani wanzami mai suna Scott Burton da wani tsoho mai gyaran takalmi, William Donnegan, wanda ya daɗe yana aure da farar fata. Baƙar fata kusan dubu biyu suka tsere daga garin. An tuhumi mutane, tuhuma sama da ɗari, amma ba wanda aka kama da laifin kisa.

Wani marubuci ɗan gurguzu, William English Walling, wanda ya fito daga gidan masu arziki na Kentucky da suka taɓa mallakar bayi, ya isa garin shi da matarsa Anna Strunsky, Bayahudiya haifaffiyar Rasha. Ba su daɗe da dawowa daga Rasha ba, inda ake yi wa Yahudawa irin wannan aika-aika. Abin da ya fi girgiza Walling shi ne mutanen gari ba su nuna kunya ba. A maƙalar da ya buga a mujallar The Independent a farkon Satumba, ya yi gargaɗin cewa salon Kudu na shirin mamaye Arewa, ya rufe da tambayar wace babbar ƙungiya ce ta 'yan ƙasa za ta kawo ɗauki. Mary White Ovington, wata ma'aikaciyar jin ƙai daga Brooklyn da ta tare a wani gidan haya na baƙar fata a Manhattan tana nazarin rayuwarsu, ta karanta ta rubuta masa wasiƙa. A farkon Janairun 1909 suka zauna a ɗakin Walling a New York, su uku da Henry Moskowitz, wani ma'aikacin jin ƙai. Suka jawo Oswald Garrison Villard, mai jaridar New York Evening Post, jikan William Lloyd Garrison, fitaccen mai yaƙi da bauta. Villard ne ya rubuta takardar kiran da aka fitar ranar 12 ga Fabrairu 1909, ranar cikar Lincoln shekara ɗari da haihuwa, kuma ita ce ranar da ƙungiyar ke ɗauka a matsayin ranar kafuwarta. Mutum wajen 60 suka sa hannu, bakwai daga ciki baƙar fata, har da Du Bois da Ida B. Wells-Barnett da Mary Church Terrell.

Su waɗannan farar fata suna da abubuwa uku da Niagara ta rasa: kuɗi, jarida, da kuma kariya daga fushin Tuskegee. Washington zai iya sa a kori malami baƙar fata, amma ba zai iya sa a kori Villard daga jaridar gidansu ba. Villard ma ya gayyaci Washington taron farko, cikin wasiƙar da ta bar masa ƙofar ƙin zuwa a buɗe, shi kuma ya gane, bai zo ba.

Taron ya gudana a New York ranar 31 ga Mayu da 1 ga Yuni 1909. Wani abin da ke nuna zamanin shi ne an ɓata zaman farko ana sauraron masana, ciki har da Burt Wilder na jami'ar Cornell, mai nazarin ƙwaƙwalwa, suna kawo hujjar cewa ƙwaƙwalwar baƙar fata ba ta gaza ta farar fata ba. Daga nan aka fara, a ƙasar da ke kiran kanta jamhuriya. Da aka zo tsara ƙudurori a daren ƙarshe, zargin da ke ƙasa ya fito fili. Baƙar fatan da ke zauren sun sha ganin abokai farar fata suna rage wa buƙatunsu kaifi, don haka suka riƙa bin kowace kalma da ido, Trotter na kan gaba. Du Bois ya ba da labarin wata mata da ta miƙe, murya na rawa, ta ce waɗannan abokan namu farar fata suna sake cin amanarmu. Aka karanta sunayen mutum arba'in da za su ci gaba da aikin, sai ga shi babu Trotter, babu Ida Wells.

Cire sunan Wells ya cancanci a tsaya a kansa. Babu wanda ke zauren da ya kai ta sanin kisan taron dangi. A 1892, a Memphis, aka kashe abokanta uku masu kantin kayan masarufi saboda gasar ciniki da wani farar fata. Ta rubuta a jaridarta cewa zargin fyaɗen da ake fakewa da shi galibi ƙarya ne, aka farfasa mata ofis, ba ta sake zama a garin ba. Ta tattara alƙaluma, ta buga ƙasidu, ta zagaya Ingila sau biyu tana bayani. Masu tsara kwamitin suna son sunayen da ba za su firgita mutanen Washington ba, ita kuwa ba ta iya tauna magana. An mayar da sunanta daga baya bayan an yi ƙorafi, amma abin ya riga ya taɓa zuciya. Ita ta ɗora laifin a kan Du Bois, ta yi ta ja da baya har ta koma aikinta ita kaɗai a Chicago. Trotter shi ma bai taɓa sakin jiki da ƙungiyar da farar fata ke riƙe da asusunta ba, ya ci gaba da tasa. Ina ganin wannan ita ce asara mafi girma a shekarun farko, kuma ba dole ce ta sa aka yi ta ba. Tsoron ɓata wa Tuskegee rai ne, alhali Tuskegee ba ta fasa yaƙar sabuwar ƙungiyar ba ko da rana ɗaya.

A taro na biyu, a Mayun 1910, aka zaɓi sunan da ma'anarsa ita ce ƙungiyar ƙasa ta ciyar da mutane masu launi gaba. Shugabanta na farko shi ne Moorfield Storey, lauya daga Boston, tsohon shugaban ƙungiyar lauyoyin Amurka, wanda a ƙuruciyarsa ya yi wa Sanata Charles Sumner sakatare. Villard ya ba su ɗaki a ginin jaridarsa. Du Bois ya ajiye aikin koyarwa a jami'ar Atlanta ya zo New York a matsayin daraktan yaɗa labarai da bincike, a ƙungiyar da ba ta da tabbacin albashinsa na shekara.

Muƙamin ƙarami ne a suna, amma da shi ya buɗe hanyar da ikon ya bi ya sauya hannu. A Nuwamban 1910 ya fitar da mujallar The Crisis, kwafi 1,000, kowanne santi goma. Yana buga jerin waɗanda aka kashe, da hotunan ɗaliban baƙar fata da suka kammala jami'a, da hotunan jarirai, da sharhi mai zafi wanda ba ya neman izinin kowa kafin ya rubuta. Mutumin da ke ƙauyen Georgia bai san Storey ba, bai san Villard ba. Abin da ya sani shi ne mujallar da ake karanta wa jama'a a shagon aski da harabar coci. A wurinsa Du Bois ne ƙungiyar. Cikin 'yan shekaru mujallar ta fara ɗaukar nauyin kanta, zuwa 1919 tana sayar da kwafi wajen 100,000 a wata. Villard, wanda ya zama shugaban hukumar gudanarwa, yana kallon Du Bois a matsayin ma'aikaci da ya kamata ya karɓi umarni, shi kuwa Du Bois yana kallon mujallar a matsayin tasa. Dukansu biyu ba masu sauƙin zama ba ne, kuma Du Bois ya sha ɓata wa waɗanda ke ƙaunarsa rai ba gaira ba dalili. Amma ƙarƙashin rigimar akwai tambaya ta gaske, ko baƙar fata zai iya riƙe wani sashe na ƙungiyar ba tare da farar fata na duba masa aiki ba. Villard ne ya sauka daga kujerar, Joel Spingarn ya gaje shi a 1914. Spingarn tsohon farfesan adabi ne a jami'ar Columbia, ya riƙa yawon lacca a biranen ƙasar da kuɗin aljihunsa, ƙanensa Arthur kuma ya riƙe sashen shari'a shekaru masu yawa ba ya karɓar ko kwabo. Ita kuwa Ovington ita ce mai shiga tsakani duk lokacin da maza suka hau dokin zuciya, kuma ta yi kusan shekara arba'in tana wannan aiki.

A kotu ne amfanin manyan lauyoyi farar fata ya fi fitowa. A 1915, a shari'ar Guinn, Kotun Ƙoli ta soke dokar Oklahoma da ta yafe jarrabawar karatu ga duk wanda kakansa ke da ikon zaɓe a ranar 1 ga Janairu 1866, ranar da aka zaɓa da gangan don kusan babu baƙar fata mai ƙuri'a a lokacin. Storey ya shigar da bayanin ƙungiyar a shari'ar. Ta 1917 ta fi daɗin labari. Birnin Louisville ya yi dokar hana baƙar fata tarewa a layin da farar fata suka fi yawa. Sai shugaban reshen ƙungiyar a garin, William Warley, ya shirya da wani dillali farar fata, Charles Buchanan: Warley ya sayi fili a irin wannan layi, ya ƙi biya da hujjar doka ta hana shi zama a wurin, Buchanan kuma ya kai shi ƙara. Ka ga farar fata na roƙon kotu ta soke dokar wariya, baƙar fata na fakewa da ita, kuma duk bakinsu ɗaya. Kotun Ƙoli ta soke dokar baki ɗaya, amma bisa hujjar 'yancin mai dukiya ya sayar wa wanda ya ga dama. Masu gidaje suka koma rubuta sharaɗin wariya a cikin takardun cinikin gida, kuma sai a 1948 kotu ta hana a tilasta irin wannan sharaɗi.

A wajen kotu nasara ta yi ƙaranci. Du Bois da Villard sun goyi bayan Woodrow Wilson a zaɓen 1912, ya hau mulki ya bar ministocinsa suka raba ma'aikata baƙi da farare a ma'aikatar gidan waya da baitulmali. Reshen birnin Washington, ƙarƙashin Archibald Grimké, wanda aka haifa bawa ya zama lauya, ya cika da ma'aikatan gwamnati da abin ya shafa har ya zama reshe mafi ƙarfi. A 1915 ƙungiyar ta yi ta fafutukar a hana nuna fim ɗin The Birth of a Nation mai yabon 'yan Ku Klux Klan, ƙungiyar farar fata masu yi wa baƙar fata ta'addanci, ba ta samu abin da take so ba sai yanke wasu wurare a wasu birane, amma sunanta ya shiga kunnen dubban mutane.

Washington ya rasu a Nuwamban 1915, kuma mutuwarsa ta kwance wa mutane da yawa ɗaurin da ke wuyansu. A Agustan 1916 Spingarn ya tara shugabannin baƙar fata na ɓangarorin biyu a gonarsa da ke Amenia, a jihar New York, suka yi kwana uku suna cin abinci tare suna magana ba 'yan jarida. Daga cikin baƙin akwai James Weldon Johnson, ɗan Jacksonville ta Florida, lauya, marubuci, tsohon ƙaramin jakadan Amurka a Venezuela da Nicaragua, muƙamin da ya samu da taimakon mutanen Washington. Kafin shekarar ta ƙare an ɗauke shi sakataren kafa rassa. Johnson yana da abin da Du Bois ya rasa, wato iya zama da mutane. Ya shiga jirgin ƙasa ya nufi Kudu a farkon 1917, gari bayan gari, yana tara limaman coci da likitoci da ma'aikatan gidan waya a ɗaki, yana barin reshe a bayansa. Da taron farar fata suka karkashe baƙar fata a garin East St. Louis a Yulin wannan shekara, yana cikin waɗanda suka shirya jerin gwanon shiru a New York ranar 28 ga wata: mutum wajen dubu goma, yara da mata cikin fararen kaya, maza cikin baƙaƙe, ba mai cewa uffan sai ganguna.

Lokacin ma ya taimaka. Yaƙin duniya na farko ya buɗe wa baƙar fata ƙofar masana'antun Chicago da Detroit da Pittsburgh, dubban ɗaruruwa suka bar gonakin auduga, suka fara karɓar albashi, sojoji kuma suka dawo daga Faransa da wani irin ido. A lokacin, kuɗin zama mamba dala ɗaya ne a shekara. Daga mambobi wajen 9,000 a 1917, ƙungiyar ta kai wajen 90,000 a 1919, da rassa sama da 300, kuma kusan dukansu baƙar fata ne. A nan lissafin ya juya. Ƙungiyar da a da take jiran gudummawar 'yan tsirarun masu hali ta koma rayuwa da dalar mai wanki da ɗan dako da malamar firamare. Ba a yi wani zama an ƙwace mulki ba. Masu biyan kuɗin ne suka canza, hukumar gudanarwa kuma ta zo ta tarar da hakan. Marcus Garvey, jagoran wata ƙungiyar baƙar fata ta daban, wanda ya iso Amurka a 1916 ya tara talakawa fiye da kowa, ya ci gaba da yi mata gorin cewa ƙungiyar wasu zaɓaɓɓun mutane ce, kuma gorin na da ƙamshin gaskiya idan aka dubi saman, amma ƙasan ya riga ya sauya.

Abin da ya ƙarasa shi ne dukan da aka yi wa John Shillady. Shi ne babban sakatare tun 1918, farar fata, ƙwararren mai tsara ofis. A Agustan 1919 ya je Austin domin hukumomin Texas sun tasa reshen garin a gaba. Da rana tsaka wasu mutane, ciki har da alƙalin gunduma, suka tare shi kusa da masaukinsa suka yi masa dukan kawo wuƙa, gwamnan jihar kuma ya fito ya kare su. Shillady bai sake komawa daidai ba, ya ajiye aiki a 1920 yana mai yanke ƙauna. Darasin da ke ciki mai ɗaci ne: babban dalilin ɗora farar fata a gaba shi ne ana ganin fatarsa za ta kare shi ta buɗe masa ƙofa, sai ga shi a Texas ba ta yi ko ɗaya ba. A ƙarshen 1920 hukumar ta tabbatar da Johnson a kujerar. Mataimakinsa shi ne Walter White, matashi daga Atlanta da ya kawo a 1918, baƙar fata mai farin jiki da shuɗin ido, wanda ke shiga garin da aka yi kisa a matsayin farar fata, ya zauna da makasan suna ba shi labari da bakinsu. Kujerar shugaba dai, wadda ta koma ta girmamawa, ta ci gaba da zama a hannun farar fata, daga Storey zuwa 'yan'uwan Spingarn zuwa Kivie Kaplan, har 1975.

Johnson ya sa ƙarfinsa a kan dokar tarayya ta hana kisan taron dangi. Ƙungiyar ta riga ta buga ƙididdiga a 1919 da ta nuna an kashe mutum 3,224 ta wannan hanya tsakanin 1889 da 1918, fiye da 2,500 daga ciki baƙar fata. Ƙudurin da ɗan majalisa Leonidas Dyer ya gabatar ya wuce Majalisar Wakilai a Janairun 1922, sanatocin Kudu suka kashe shi da dogon surutu a Majalisar Dattawa, 'yan jam'iyyar Republican da suka yi alkawari kuma suka naɗe hannu. Sai a 2022 irin wannan doka ta samu sa hannun shugaban ƙasa.

Wanda ke son ganin yadda aikin ya rabu bayan sauyin, ya dubi shari'ar Elaine. A daren 30 ga Satumba 1919, manoma baƙar fata masu noman raba-daidai a gundumar Phillips ta Arkansas suna taro a wata coci kan yadda za su sa masu gonaki su biya su kuɗin audugarsu na gaskiya. Aka yi harbe-harbe, farar fata ɗaya ya mutu, sai gayyar masu bindiga da sojoji suka bazu cikin gonaki kwana da kwanaki. Farar fata biyar ne suka mutu. Baƙar fata kuwa ƙiyasin masana da yawa ya haura ɗari. Amma baƙar fata aka gurfanar, aka yanke wa 12 hukuncin kisa a zaman da wasunsu ba su kai awa ɗaya ba, taron jama'a na kewaye da kotun. White ya shiga yankin da sunan ɗan jaridar Chicago, ya tsere a jirgin ƙasa da asirinsa ya fara tonuwa. Ida Wells, ba da sunan ƙungiyar ba, ta saje cikin matan fursunonin ta shiga kurkukun Little Rock ta ɗauki bayaninsu ta buga. Ofishin New York ya tara kuɗi daga rassa. Scipio Africanus Jones, lauya baƙar fata na Little Rock wanda uwarsa baiwa ce, shi ya yi shekaru yana hana a kai mutanen kujerar lantarki, shi ya rubuta takardar da ta kai maganar kotun tarayya. Da aka zo gaban Kotun Ƙoli a Janairun 1923, Storey ne ya tsaya, yana da shekara 77, tare da wani lauya farar fata daga Arkansas. Mai shari'a Oliver Wendell Holmes ya rubuta hukuncin cewa shari'ar da taron jama'a ya mamaye ba shari'a ba ce, kuma wajibi ne kotun tarayya ta bincika. Shida daga cikin mutanen sun fita a 1923. Sauran shidan Jones ya ci gaba da bin gwamna a kansu har aka sake su a Janairun 1925.